Me ya rufe shagunan kayan haɗa ƙananan jirage da motoci?

"Assalamu alaikum Malam. Shekarata 14 ke nan ina zaune a arewacin Ingila. A unguwarmu akwai wani ɗan shago da ke sayar da kwalayen haɗa ƙananan jirage da motoci da jiragen ƙasa, har da fenti da gam. Ɗana mai shekara 10 ya fara sha'awar abin, sai ga shi bara shagon ya rufe, yanzu wurin ya koma na gyaran waya. Na tambaya an ce mini haka abin yake ko'ina. Me ya jawo haka? Wannan aikin hannu mutuwa yake yi? Kuma tunda ina da niyyar dawowa gida, in na buɗe irin wannan shago a Kaduna ko Kano zai tafi kuwa?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya yaron, ya sa albarka a hannunsa. Ɗan'uwa, tambaya uku ka ɗaure da igiya ɗaya: abin da ya rufe shagunan, ko aikin kansa ya kama hanyar mutuwa, da kuma ko shago irin wannan zai ci a gida. Abin da aka gaya maka gaskiya ne, shagunan sun ragu ƙwarai a Ingila da Amurka. Amma aikin yana nan da ransa, kuma kayan da ake bugawa yau sun fi na kowane zamani kyau da yawa. Abin da ya ɓace shi ne wurin da yaro zai je da 'yan kuɗinsa ya samu kwali mai araha, ya kuma samu babban mutum da zai nuna masa yadda ake riƙe wuƙa. Wannan rashin ne ya fi ci mini rai, a kansa kuma zan fi tsayawa.

A wani ƙauye kusa da Funtuwa na tashi, kuma da motar kara na fara kamar kowane yaro na lokacinmu. In an yanke dawa sai mu zaɓi kara mai kauri, mu ɓare bayansa da reza, mu yayyanka totuwar, mu riƙa sokewa da tsinken ɓawon har mota ta tashi, tayoyi kuwa na sakaina ne ko na tsohon silifas. Ina shekara 12 kawuna ya dawo daga kwas a Ingila ya kawo mini kwalin kamfanin Airfix na Spitfire, jirgin yaƙin Birtaniya na lokacin yaƙin duniya na biyu. Daga baya na karanta zanen gine-gine a Zariya, na tafi Ingila ƙarin karatu, a can na yi kusan shekara uku ina tsaron wani ƙaramin shago irin wanda ka kwatanta duk ranar Asabar. Yanzu a Kaduna nake, abincina yana fitowa ne daga haɗa samfurin gine-gine wa masu zane da 'yan kwangila. Daga nan zan yi maka magana.

Yadda abin ya zama na yara

Da fari da katako da takarda ake wannan aiki, sai mai haƙuri da gwaninta ke iya shi. Kamfanin FROG na Ingila ne ya fara fitar da jiragen filastik na haɗawa a 1936, a ma'aunin ɗaya cikin 72. Ma'ana, kowane santimita ɗaya a jikin samfurin yana tsaye ne a madadin santimita 72 na jirgin gaske. Faɗin fikafikan Spitfire ya ɗan haura mita 11, in ka raba da 72 za ka samu santimita 15 da ɗan wani abu, abin da yaro zai ɗora a tafin hannu biyu.

Wanda ya kai abin gidan talaka shi ne Airfix. Wani ɗan ƙasar Hungary mai suna Nicholas Kove ne ya kafa shi a Landan a 1939, kuma matajin kai na filastik na cikin kayan da ya fara suna da su. A 1952 ya fitar da ƙaramin jirgin ruwa mai suna Golden Hind, sai kantunan Woolworths suka ce ba za su ɗauka ba sai in za a iya sayar da shi sule biyu. Don a kai wannan farashi aka bar kwali aka zuba ɓangarorin a leda, aka maƙala takardar bayani a bakinta. A 1953 Spitfire ya biyo baya. Ka riƙe wannan sule biyun a ranka, don kusan duk labarin yana rataye ne a kansa. Kuɗi ne da yaro ke iya tarawa da kansa ba sai ya roƙi kowa ba. A Amurka ma haka Revell da Monogram da Aurora suka yi, ana samun kayansu har a kantin magani da na kayan masarufi.

Saboda haka shagon ƙwararru, irin wanda ya rufe a unguwarku, mataki na biyu ne. Yaro yakan fara da na leda a kantin unguwa, ya ɓata guda biyar ko shida, gam ya ɓata gilashin matuƙi, farfela ta karye, sannan wata rana ya ji yana son launin da ya dace da jirgin, sai ƙafarsa ta kai shi shagon. Dubban yara ke shiga ta ƙasa, 'yan kaɗan ke hawowa sama, kuma waɗannan 'yan kaɗan ɗin sun isa su riƙe shago a kowane gari.

Lokacin da yara suka daina zuwa

Mutane suna saurin ɗora wa intanet laifi, alhali ciwon ya riga intanet da shekara ashirin. Filastik daga man fetur ake yin sa, tashin farashin mai na 1973 ya taɓa kowane kamfani. Haihuwa ma ta ragu a Birtaniya: sama da jarirai miliyan ɗaya aka haifa a 1964, amma a 1977 ba su kai dubu 700 ba. Yaran da suka rage kuma sun samu abin da ke ɗauke musu hankali, na'urar wasa ta Atari ta fito a 1977, ƙananan kwamfutocin gida suka biyo baya a farkon shekarun 1980. Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba. Yaron 1955 mahaifinsa ko kawunsa ya yi yaƙin duniya na biyu, in ya haɗa Spitfire labarin gidansu yake haɗawa. Jikan wannan yaron kuwa jirgin ba ya tuna masa da kowa.

Gam ma ya jawo nasa. Yadda muke fama da masu shaƙar sholisho a nan, haka suka yi fama da yara masu shaƙar gam ɗin haɗa samfuri. A Amurka jihohi da dama sun taƙaita sayar wa yara tun shekarun 1960, a Ingila kuma dokar 1985 ta haramta sayar wa wanda bai kai 18 ba irin waɗannan kaya in ana zaton shaƙa zai yi. Dokar tana da dalilinta mai kyau, amma ta sa mai kanti ya riƙa ɗari-ɗari da yaron da ya shigo shi kaɗai, iyaye ma suka fara kallon abin da wani ido. FROG ya daina aiki a 1976, Airfix ya karye a 1981, kamfanin Lesney mai kayan wasa na Matchbox ya bi shi a 1982.

Kamfanonin da suka tsira sai suka bi inda kuɗi yake. Yaran jiya sun zama magidanta masu albashi, kuma ba su son kwali mai ɓangare 30, suna son mai ɗaruruwa, wanda ake ganin kowace ƙusa da kowace waya a ɗakin matuƙi. Aka biya musu buƙata. Babban Spitfire da Airfix ya fitar a 2022, a ma'aunin ɗaya cikin 24, yana da ɓangare sama da 400, kuɗinsa kuwa ya doshi fam 100. Aiki ne mai ban sha'awa, na haɗa shi, na ji daɗinsa. Amma yaro ɗan shekara 10 in ya shiga shago ya ga kanta cike da irin waɗannan, ya ga dattawa masu furfura suna muhawara a kan wane kore ne daidai, zai gane ba dominsa aka buɗe wurin ba.

Lissafin kanta

A nan ne zamana a shago ya koya mini abin da ba a gani daga waje. Shagon samfuri yana cin jari fiye da kusan kowane ƙaramin shago. Mai sayar da burodi kayansa iri biyar ne kuma kullum suna ƙarewa. Mai shagon samfuri dole ya ajiye jirage da tankokin yaƙi da motoci da jiragen ruwa da na ƙasa, kowanne a ma'auni uku ko huɗu, daga kamfanoni goma ko fiye. Fenti kaɗai duniya ce: jeri ɗaya na kamfanin Vallejo ya kai launi wajen 200, ga na Humbrol, ga na Tamiya, kuma mai saye in ya zo neman launi ɗaya bai samu ba, ba zai karɓi maƙwabcinsa ba. Akwai kwalayen da na tarar a saman kanta ranar da na fara aiki, na bar su a wurin ranar da na yi sallama, rana ta koɗar da hoton jikinsu. Kaya in sun yi kwantai kuɗi ne ke barci, haya da harajin shago da wutar lantarki kuwa ba sa barci.

Maigidana a shagon dattijo ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Ba na manta wata Asabar da wani yaro ya shigo da mahaifiyarsa, riƙe da jirgin da fiffikensa ya ƙi zama. Dattijon ya ajiye kofin shayinsa, ya karɓi jirgin, ya juya shi a hasken taga, ya nuna wa yaron wani ɗan tsiro na filastik da ya rage a bakin fiffiken inda aka ciro shi daga firam, wato sandunan filastik da ɓangarorin ke zuwa maƙale a jikinsu. Ya ba shi sanfefa ya ce ya goge da kansa, sau uku kawai. Ya sa shi ya gwada haɗawa ba gam, ya ga ya zauna daram, sannan ya ɗiga gam da bakin tsinke, ya ɗaure da robar ɗaure kuɗi. Minti ashirin aka yi. Abin da suka saya ɗan gwangwanin fenti ne guda ɗaya. Ta fuskar ciniki asara ce, amma yaron ya riƙa dawowa har na bar garin.

A ranakun nan kuma na ga ɗaya fuskar. Mutum zai shigo ya nemi a buɗe masa babban kwali, ya duba ɓangarorin ɗaya bayan ɗaya, ya yi tambaya ya samu amsa, ya rubuta lambar kwalin a takarda, ya sayi buroshi guda ya fita. Da dare zai yi odarsa ta intanet a wurin mai sito da ba ya biyan hayar bakin titi. Ban cika ganin laifinsa ba, kowa yana son sauƙi. Sai dai ribar manyan kwalaye ita ke biyan haya, ita ce kuma ke biyan waɗancan minti ashirin da aka ba yaron kyauta. Da ta koma intanet, sai aka bar shago da cinikin fenti da gam, wanda ba ya riƙe gida.

Ina shagon a watan Agustan 2006 labari ya zo cewa Humbrol, wanda ke riƙe da Airfix a lokacin, ya durƙushe. Mutane suka yi ta shigowa suna kwashe fenti don tsoron kada ya ɓace. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin Hornby ya sayi sunayen biyu, kaya suka dawo, amma dattijon ya ce mini shi dai ya san ba zai bar wa kowa shagon ba. 'Ya'yansa suna da aikinsu, kuma babu saurayin da zai sayi shagon da ribarsa ba ta kai albashin direban bas ba. Shaguna da yawa haka suke ƙarewa, ba bashi ba rigima, mai shi ne ya tsufa ya sa kwaɗo.

Manya ma ba su tsira ba. Beatties, kantin kayan haɗi mai rassa a garuruwa da dama, ya rushe a 2001. Woolworths, inda sule biyun nan ya faro, ya rufe duk kantunansa na Birtaniya tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009. ModelZone, shi ma kantin kayan haɗi mai rassa 47, ya tafi a 2013. A Amurka kamfanin Hobbico, wanda ya mallaki Revell, ya karye a 2018. Wanda ya fi girgiza mutane shi ne Hattons, da aka kafa a Liverpool a 1946, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sayar da ƙananan jiragen ƙasa ta intanet, amma ya rufe a farkon 2024, kuma raguwar masu saye da sauyin shekarunsu na cikin dalilan da ya bayar. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Mai sito ya karɓe cinikin shagon unguwa, amma shagon unguwa ne ke raino masa masu sayen gobe.

Waɗanda suka riƙe yara

Duk da haka in ka je garin Telford na Ingila a watan Nuwamba, wurin taron shekara na IPMS, ƙungiyar masu haɗa samfurin filastik da aka kafa a Ingila a 1963, za ka ga zaure bayan zaure cike da mutane da aikin hannu da zai sa ka riƙe baki. Kamfanoni sun yawaita: Eduard a Jamhuriyar Czech, ICM da MiniArt a Yukren, Trumpeter da Meng a Sin, Academy a Koriya ta Kudu. Lokacin kullen korona a 2020 ciniki ya tashi sosai, mutane suka koma teburinsu. Firintar 3D, na'urar da ke ƙera abu da filastik daga zanen kwamfuta, ta sa mutum ɗaya a ɗakinsa yana iya fitar da ɓangaren da a da sai kamfani ya kashe kuɗi mai yawa wajen sassaƙa ƙarfen zubi. YouTube kuma ya ɗauki wani yanki na aikin dattijon nan, ko da yake bidiyo ba ya karɓar jirginka ya juya shi a hasken taga.

Misali biyu nake so ka duba da kyau, don su ne amsar tambayarka ta uku. Na farko Japan. A lardin Shizuoka ake buga mafi yawan kayan haɗi na ƙasar, can Tamiya da Hasegawa da Aoshima suke, can kuma masana'antar Bandai take. A 1980 Bandai ya fara sayar da mutum-mutumin Gundam na haɗawa a kan yen 300, kuɗin aljihun yaro. Daga baya suka gyara shi yadda ba ya buƙatar gam ko fenti, ɓangarorin suna zuwa da launinsu, ana danna su su kama juna. An sayar da sama da miliyan 700. Tamiya kuma ya fito da ƙananan motocin tsere masu batir, Mini 4WD, shaguna suka shimfiɗa musu hanyar tsere, yaro ya haɗa motarsa ya zo ya kara da ta abokinsa.

Na biyu yana kusa da kai. Games Workshop, mai hedikwata a Nottingham, yana da shaguna sama da 500 a duniya, da yawansu mutum ɗaya ne ke tsaronsu, kuma a Disambar 2024 ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan. Ƙananan mutum-mutumin filastik yake sayarwa, a haɗa a yi musu fenti, aiki ɗaya da namu. Bambancin shi ne a tsakiyar shagonsu akwai tebur. Baƙo in ya shigo ana zaunar da shi, a ba shi buroshi ya gwada fenti ba tare da ya biya ba. Su ke buga kayansu su kuma ke sayarwa, ribar masana'anta da ta kanti duk tasu ce, wannan kuwa ƙaramin mai shago ba zai iya kwaikwaya ba. Amma teburin kowa zai iya ajiye shi.

Batun buɗe shago a gida

In shago kake nufi irin na unguwarku, kanta cike da kwalaye daga waje, shawarata kada ka zuba kuɗinka. Komai da dala ko fam za ka saro shi, kuma ka san abin da ya sami naira tun 2023. Kwalin da yaro ke saye da kuɗin kashewarsa a Ingila, kafin ya iso Kaduna da kuɗin jirgi da na kwastan ya zama kuɗin cefanen gida na kwanaki. Fenti mai tina da gwangwanin feshi kayan kama wuta ne, ba a ɗaukarsu a jirgin sama yadda ake ɗaukar sauran kaya. Masu saye kuma suna nan amma a warwatse: wasu hafsoshin sojan sama da ke son samfurin jirgin Alpha Jet ko Super Tucano a kan teburin ofis, ɗaliban zanen gine-gine, da irinku da suka dawo daga waje. Waɗannan oda ta waya ta ishe su, ba sai an kama musu haya ba. Ni mai haɗa samfuri ne, ba ɗan kasuwa ba, don haka lissafin shigo da kaya ka zauna ka yi shi da wanda sana'arsa ke nan kafin ka yanke hukunci. Abin da na faɗa daga abin da na gani a kanta ne da kuma abin da nake kashewa a nawa aikin.

Amma mu ma muna da namu rashin, kuma ya yi kama da nasu. Shagonmu shi ne bakin gona bayan girbi da ƙofar gida da yamma, inda babban yaro ke nuna wa ƙarami yadda ake lanƙwasa waya a yi sitiyari mai tsawo, ko yadda ake yanka gwangwanin madara a yi bodin tifa. Ba wanda ya biya ko kwabo. Yau a birni kara ya yi nisa, motar roba ta Sin tana da araha, waya kuma tana hannun kowane yaro. A ƙauye har yanzu ana yi, a cikin gari kuwa sai ka daɗe ba ka ga yaro yana tura motar waya ba. Wannan hannu ba abin rainawa ba ne. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya karanta zanen gine-gine a Birnin Kebbi kafin ya tafi Detroit a Amurka, ya zama mai zanen mota a kamfanin General Motors, shi ne ya zana siffar farko ta Chevrolet Volt. A irin waɗannan kamfanoni har gobe sai an sassaƙa mota da yumɓu an zagaya ta an duba kafin a buga ta da ƙarfe.

Abin da nake yi, kuma nake ganin ya fi shago amfani, shi ne tebur. Duk Asabar bayan la'asar ina buɗe ɗakin aikina wa yaran unguwa, ba sa wuce takwas don in iya sa ido a kan wuƙaƙe. Da kwali muke aiki, da ragowar allon kumfa na ayyukana, da kara in an kawo mini daga gida. Darasin farko awo ne. Mukan fita da tef mu auna a-daidaita-sahun maƙwabci, tsawonta wajen mita 2.6, mu raba da 20, kowa ya ga santimita 13 a kan rularsa. Ranar da yaro ya gane cewa taya da kujera da gilashi duk da lamba ɗaya ake raba su, ya fita daga wasa ya shiga sana'a, kuma lissafin raba da yake gudu a makaranta ya zama abin da yake nema da kansa. Manyansu yanzu suna haɗa zaure mai zankwaye a ɗaya cikin 50, muna kuma da burin gwada bakan gizon rufin tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani na ƙarni na 19. Babu kamfanin da zai buga mana wannan a kwali, sai dai mu auna mu yi.

In ka dawo ka fara da haka, a gareji ko a aji ɗaya na wata makaranta. Ka ajiye abin da ke ƙarewa: wuƙa da ruwanta, gam, sanfefa, rular ƙarfe, fenti mai narkewa da ruwa. Ɗaliban zanen gine-gine za su saya, don kullum suna nema. Kwalayen waje kuma sai wanda ya yi oda ya ba da kafin alƙalami. In mutanen teburin sun yi yawa har suna tambayar kaya, shagon zai buɗe kansa. Ka kuma san yanayinmu: ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti, don haka ana kife roba a kan aiki da zarar an ajiye buroshi. Zafin bazara yana busar da fenti a bakin buroshi kafin ya kai jikin aiki, sai an ƙara ruwa an yi da sassafe. Kwalin filastik kuma in ka bar shi cikin mota a rana, za ka tarar fikafikan sun karkace.

Yaron naka

Kada ka jira dawowa gida. Ka saya masa ƙaramin kwali na masu farawa a ɗaya cikin 72, irin wanda ke zuwa da fentinsa da gam da buroshi, kuma ka sayi biyu, ɗaya naka. Ku zauna tebur ɗaya kowa da nasa. Abin yanke farce ya isa ciro ɓangarori daga firam, matsefata ta isa ɗaukar ƙanana, wuƙa kuwa ta zauna a hannunka tukuna. Ka koya masa abu biyu kawai a ranar farko: ya gwada kowane ɓangare ba gam kafin ya liƙa, kuma ya shafa fenti siriri sau biyu maimakon mai kauri sau ɗaya. In ya karkata tambarin jikin fiffike ka bar masa abinsa, kada ka karɓa ka gyara. Ka sa jirgin a inda baƙi za su gani.

Sannan ka nemi reshen IPMS ko ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa mafi kusa da ku. Yawancinsu suna haɗuwa a ɗakin taron unguwa sau ɗaya ko biyu a wata, kuma dattawan da suka rasa shagonsu can suka koma. Ka raka shi da kanka, ka zauna tare da shi, ya tafi da jirgin da ya haɗa ko da gam ya ɓata gilashin. In Allah ya kawo ku Kaduna hutu lokacin kaka, ka kawo mini shi ranar Asabar, zan sa a aiko mana da karan dawa daga Funtuwa.